Neman Kabarin Mahaifiyar Anti

Ƙofarmu da ta Anti suna kallon juna ne a benen da muka zauna a unguwar Wangsa Maju, cikin birnin Kuala Lumpur. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Sin, gajeriya, mai farin gashi da take yankewa daidai kunne. Kowa a benen Anti yake ce mata, har da waɗanda suka kusa kai ta shekaru, ni ma sai na bi sahu. Ita kuwa ba ta taɓa iya faɗin sunana ba. Da wata kalma ta yarensu take kirana, wadda daga baya na gane ma'anarta "yarinya", alhali a lokacin ina da 'ya'ya biyu, ina kuma fama da digiri na uku.

Mijinta ya rasu tun kafin mu zo ƙasar. Ɗanta tilo yana aiki a Singapore. Abin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwa a bakin lif ba, sai lemon da take rabawa maƙwabta idan sabuwar shekararsu ta zo, ni kuma in kai mata cincin da Sallah. Yaren ƙasar, Malay, nawa na cefane ne, Turancinta guntu-guntu ne, to da su muke haɗawa, inda suka gaza mu cike da hannu. Kullum da safe takan kunna turaren tsinke a wani jan akwati da ke manne a bangon ƙofarta. Farkon zuwanmu har jan hannun yara nake yi mu wuce da sauri. Daga baya hancina ya saba.

Shekarar da aka saki tafiye-tafiye bayan annobar korona, azumi bai daɗe da kamawa ba, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da yamma ina tsakiyar suyar ƙosai. Ba ta taɓa shigowa ɗakinmu ba, ranar ma a bakin ƙofa ta tsaya.

"Yarinya, kina da mota. Kin iya tuƙi mai nisa?"

Na ce na iya. Na ɗauka asibiti za ta ce.

Bayanin ya ɗauke mu lokaci har kaskon ƙosai ɗaya ya ƙone. Abin da na fahimta shi ne, lokacin Ceng Beng ya zo, wato kwanakin da 'yan Sin suke zuwa kaburburan iyayensu su share, su nome ciyawa, su ajiye abinci, su ƙona musu kayan takarda. Tokar gawar mijinta da ta mahaifinta, da yake su ƙone su aka yi, suna wani wurin ibadarsu a cikin gari, ta riga ta je a bas. Mahaifiyarta ce aka binne a ƙasa, can garinsu na haihuwa a jihar Perak. A al'adar gidansu, mace in ta yi aure ta koma hidimar magabatan mijinta, don haka ƙaninta ne yake kula da kabarin tun da daɗewa. To ƙanin ya rasu a annobar, 'ya'yansa suna Ostareliya, ɗanta kuma bai samu hutu ba.

"Tun da aka rufe gari ba wanda ya je," in ji ta. "Babu shinkafa, babu riga. Sauran duk an je musu, ita tana zaune tana kallo."

Na ce zan yi shawara da maigidana.

Bayan mun sha ruwa na faɗa masa. Ya ajiye kofin kunu ya dube ni.

"Maƙwabciya ce, kuma tsohuwa. Da ba don ganin malamina da zan yi ranar ba, da ni zan kai ta. Ki kai ta. Amma tuƙi kawai, Maman yara. Kada hannunki ya taɓa wuta ko turaren nan nasu."

"Ai ko daga mota ba zan fito ba," na ce.

Haka na yi zato da gaske. Na ma saka littattafai a jaka don in rage karatu ina jiranta.

Muka tashi bayan sallar asuba. Ta fito da kaya har sai da maigidana ya taya mu saukowa da su: kwanon abinci mai hawa-hawa, ledar lemo, tsintsiya, ƙaramar lauje, da manyan ledoji guda biyu masu girma amma babu nauyi. Da na leƙa sai na ga riguna ne na takarda, an naɗe su cikin kwali kamar na kanti, har da maɓallai. Akwai takalma na takarda, da laima, da damin takardu masu ruwan zinari waɗanda ta kwana biyu tana naɗewa da hannunta. Ta ɗaga wata riga shuɗiya ta nuna mini.

"Irin wadda take so ce. Ba ta son ja."

Muka bi ta Gombak muka hau babbar hanyar arewa. Gonakin kwakwar manja suka yi ta wucewa hagu da dama, hazo yana kwance a kansu. Anti ta zauna a gaba ta rungume kwanon abincin a cinya, ko sau ɗaya ba ta yarda ta ajiye shi a ƙasa ba. Can ta ɓare alewa ta miƙo mini, sai ta tuna, ta buge goshinta, ta mayar da ita jaka. Ita ma ba ta sha ba.

A hanya ta ba ni labarin mahaifiyar. Wankin kuza take yi, ta wuni tsaye cikin ruwa da babban akushi na katako tana tace yashi, har ƙafafunta suka lalace. Ta rasu Anti tana amarya. Ta je jana'izar, ta sake zuwa sau ɗaya ko biyu a ɓoye ba da sanin surukarta ba, daga nan rayuwa ta ja ta zuwa Kuala Lumpur. Na tambaye ta ko za ta gane wurin.

"Boleh," ta ce, wato za ta iya. "Akwai babbar bishiya. In ka tsaya a gabanta kana hango tafki."

Hantsi ya yi lokacin da muka sauka daga babbar hanya muka shiga garin. Tsohon gari ne, layin shaguna masu bene ɗaya, fentinsu ya kwaile. Anti ta manna fuska a gilashi tana duba. Inda ta ce kasuwa take, gidan mai muka tarar. Inda ta ce mu karya dama, hanyar ta ƙare a bakin sababbin gidaje masu kama ɗaya. Muka zagaya har sau nawa ban sani ba. Daga ƙarshe ta ce in tsaya a wani kedai, irin ɗan shagon shayin nan, ta leƙa ta yi magana da mai shagon da yarensu. Ya fito ya yi mana kwatance da hannu. Muka bi, sai ga motoci sun yi layi a gefen titi, hayaƙi yana tashi daga bayan itatuwa, ga wata babbar ƙofa mai koren rufi.

"Nan ne," in ji Anti. "Ƙofar ce."

Ban taɓa ganin maƙabarta irin wannan ba. Tudu ne guda, daga gindinsa har ƙololuwa kaburbura ne, kowanne an gina shi kamar kujera mai hannuwa, da dutse a tsaye a tsakiya an sassaƙa rubutu. Kuma cike yake da mutane kamar ranar kasuwa. Iyali-iyali sun kafa laimomi, maza suna sara ciyawa, yara suna liƙa takardu masu launi a kan tudun kabari, wasu suna sake zana rubutun dutse da jan fenti. Ana dariya, ana ciye-ciye, lokaci-lokaci a tayar da abin fashewa har in zabura. Ba wanda na ga yana kuka.

Na fito da kayan na jera mata a gefen mota. Ta rataya leda ɗaya, ta ɗauki kwanon, ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya sai ledar ta zame. Na dubi tudun, na dube ta. Na kulle motar na ɗauki sauran kayan.

Haka muka shiga, ni baƙar mace da dogon hijabi, rungume da ledojin tufafin matattu, ina bin bayan tsohuwa. Duk inda muka gifta sai hira ta tsaya. Ba kallon wulaƙanci ba ne, mamaki ne kawai, amma na ji shi har cikin ƙashina. Wani dattijo ya tambaye ta wani abu yana nuna ni, ta ba shi amsa a gajarce. Na ce me ya ce? Ta ce tambaya yake ko 'yar aikinta ce ni.

"Me kika ce masa?"

"Na ce maƙwabciya."

Sababbin kaburbura suna ƙasa, tsofaffin suna sama, don haka sama muka nufa. Tun muna bin hanyar siminti har ta ƙare muka shiga ta ƙasa. A can mutane sun ragu. Tofa ta yi tsawo har ƙugu, ta rufe kaburbura da yawa, sai kan dutse kawai ake gani. Anti ta tsaya tana haki tana waige-waige. Babbar bishiya dai babu ita. Akwai kututture a wurare daban-daban, akwai kuma ƙananan itatuwa da ba su kai shekarun 'yata ba. Tafki kuwa, da na juya na kalli ƙasa, sai na ga ba ɗaya ba ne. Duk filin da ke bayan garin tsofaffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika, suna ta ƙyalli a rana. Daga ko'ina a kan tudun ana hango tafki.

"Anti, wanne ne daga ciki?"

Ta matsa kusa da wani dutse, ta share shi da tafin hannu, ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa shi. A nan na gane cewa ba ta ganin rubutun. Na san tana da yanar ido, ina ganin yadda take laluben maɓallin lif, amma ban kawo shi a raina ba sai a lokacin.

"Ki karanta mini," ta ce.

"Anti, ban iya ba."

"Ke da kike jami'a?"

Ba gatse take yi ba, tambaya take da gaske. Na ciro waya na buɗe manhajar fassara na saita kyamara a kan dutsen. Sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Da ƙyar ta kawo wasu kalmomi marasa kan gado, wani abu game da gajimare da ƙofa. Na gwada wani dutsen, gansakuka ta cinye rabin rubutun, wayar ba ta ma gane rubutu ba ne.

Sai Anti ta karɓi biro daga jakata, ta kama hannuna na hagu, ta zana wani abu a tafina. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma wannan ta iya, sunan gidan mahaifinta ne, kuma dole yana jikin dutsen. Zanen kamar itatuwa biyu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa. Na zaunar da ita a inuwar wani gini, na ajiye kayan kusa da ita, na ɗauki laujen na shiga cikin tofa.

Dutse na uku da na duba sai ga itatuwa biyu. Na ƙwala mata kira da murna, har na manta inda nake. Ta taso da sauri tana tuntuɓe. Ta shafa dutsen daga sama har ƙasa, ta girgiza kai. Wannan kabarin mutum biyu ne, mata da miji, ta ce na mahaifiyarta ƙarami ne, ita kaɗai. Na ci gaba. Ba a jima ba na sake samun wani, sai kuma wani a bayansa. Layi guda na bi, kusan rabinsa itatuwa biyu ne. Ashe sunan gidan nasu ya fi kowane suna yawa a tudun.

Na koma na ce mata, "To sunanta na yanka fa? Ki faɗa mini yadda yake, ko in tambayi wani ya rubuta."

Ta murza bakin rigarta. Ta ce matan zamanin ba a rubuta musu suna a dutse, sai dai a ce matar gidan wane, 'yar gidan wane. Sunan gidan su mahaifiyar ta san yadda ake faɗinsa, ba ta san yadda ake rubuta shi ba. Sunan yanka kuwa ba ta taɓa jin wani ya kira ta da shi ba.

"Ma nake ce mata," in ji ta, wato Mama. "Kowa ma haka."

A garinmu ko dutse ba ma sawa, mata kuma ba ma zuwa maƙabarta. Mahaifina ya rasu ina shekarar farko a nan, ta waya aka faɗa mini bayan an dawo daga binne shi, kuma ko yau aka kai ni bakin maƙabartar ban san ta ina zan fuskanta ba. Ban taɓa jin hakan ya dame ni ba, don addu'a tana isa ko daga ina. Amma ita a wurinta sai an zo, sai an tsaya a gaban dutsen. Ba ni da hanyar da zan ba ta irin natsuwar da nake da ita, kuma ba ta tambaye ni ba.

Na koma cikin ciyawa. Duk ƙaramin kabarin da na samu mai itatuwa biyu sai in je in kamo hannunta in kawo ta. Ta shafa, ta juya ta kalli tafkunan da ba ta gani sosai, ta ce a'a, ko kuma ta ce wataƙila, wanda ya fi a'a ciwo. Rana ta take. Tofa ta yayyanka mini hannuwa, ƙananan tururuwa jajaye suka shiga safata. Gumi ya wanke zanen tafina, ta sake zanawa, ya sake wankewa. Hayaƙin takardun da ake ƙonawa a ƙasa yana hawowa yana shiga maƙogwarona da ya riga ya bushe. Na je na tambayi wasu samari biyu da ke aikin noma kabari ko akwai mai kula da wurin. Suka ce ofishin yana gindin tudu. Na sauka na tarar da shi a kulle, wani ya ce mai riƙe da makullin ya tafi cin abinci. Na jira, bai dawo ba. Na tuna na bar tsohuwa ita kaɗai a rana, na sake hawa.

Na same ta ba a inda na bar ta ba. Ta shiga ciyawar da kanta, ta faɗi, ƙaurinta yana jini. Tana zaune a ƙasa tana magana da yarensu a hankali, ba da ni ba. Na yage gefen ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na ɗaure mata. Da na miƙe sai tudun ya juya mini, na ga duhu-duhu, na durƙusa na dafa ƙasa.

"Ya isa," in ji Anti. "Ya isa, yarinya. A nan za mu yi."

Muka dawo bakin 'yar hanyar ƙasa, wurin da babu kabarin kowa. Ta share wurin da tsintsiyarta, ta fuskanci saman tudu, ta fara jera kaya a kan jarida. Shinkafa, dafaffiyar kaza, lemo, wani farin waina mai laushi, ƙananan kofuna ta zuba shayi. Ta tara rigunan takarda da takalman da damin zinarin a gefe, shuɗiyar rigar a sama. Ta ciro turaren tsinke da ashana.

Ta buɗe kwalin ashanar. Ta ƙyasta, tsinken ya karye. Ta sake, iska ta kashe. Ta yi ta yi har tsinkayen suka zube a cinyarta. Sai ta miƙo mini kwalin ashanar ba tare da ta ɗago kai ba.

"Tolong," ta ce. Taimaka.

Na tsaya hannuwana a cikin hijabi. Ba maganar maigidana ce kawai ta riƙe ni ba, ni kaina na san ba zan kunna ba. Na kawo ta, na ɗauki kayan, na yi noma, amma wannan ɗin ibada ce, kuma ba tawa ba ce. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ba ni da kalmomin, ba da Malay ba, ba da Turancin da za ta gane ba. Hannunta yana nan a miƙe da kwalin. Ba na jin na taɓa tsayuwar da ta yi mini tsawo kamar wannan.

Ta ɗago ta kalle ni. Ta daɗe tana kallo da idanun nan masu hazo. Sannan ta janye hannun.

"Na manta," ta ce. "Ba ya halatta gare ki. Yi haƙuri."

Ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta koma tana ƙyasta ashanar, ni kuma na matsa na tsaya ta inda iska ke busowa, na buɗe hijabina ya tare. Ko wannan ɗin ma ban san hukuncinsa ba, kuma har yau ban tambayi kowa ba. Duk da haka wutar ba ta kama ba.

Wata mata ce ta cece mu. Sa'ata ce, sanye da hular rana da safar hannu, tana saukowa da iyalinta sun gama nasu. Ta tsaya ta dube mu, ta ce wa mutanenta su yi gaba. Ta tsuguna kusa da Anti suka yi magana, ta ciro abin kunna wuta daga aljihu ta kunna turaren ta saka mata a hannu. Ta nemi biro ta yi rubutu a jikin kwalin rigunan. Ta juyo ta yi mini bayani da Turanci mai kyau cewa sai an rubuta mai kaya, in ba haka ba wasu ne za su kwashe a can.

"Me kika rubuta, tunda ba ta san sunan ba?"

"Na sa sunanta ita, na ce kayan mahaifiyar wance ne." Ta ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba ko yana isa. Kakata ce ta san waɗannan abubuwan."

Wuta ta kama takardun. Anti ta durƙusa a kan ƙafar mai ciwo, ta riƙe turaren da hannu biyu, ta sunkuya, ta yi ta magana. Ta daɗe. Muryarta ta canja, ta koma irin ta yarinyar da ke ba da uzuri. Na juya baya na kalli tafkunan.

Matar ta taɓa kafaɗata ta miƙo mini gorar ruwa sabuwa, ba a buɗe ba. Na ce ina azumi. Ta ce ta sani, amma leɓena ya yi fari, kuma wa zai tuƙa tsohuwar gida? Na san matafiyi yana da sauƙi, na sani tun ina 'yar Islamiyya. Sai dai ban taɓa ajiye azumi don tafiya ba, kuma ban taɓa zaton a irin wannan wuri zan fara ba. Na karɓa, na tsuguna, na yi bisimilla na sha. Ruwan yana sauka hawaye suna zubo mini, ban san na mene ne ba.

A hanyar dawowa muka faɗa cunkoson masu komawa birni. Anti ta yi barci, bakinta a buɗe, kwanon a cinyarta. Na tsaya a wurin hutawar matafiya na yi sallolina, na dawo na same ta yadda na bar ta. Sai da muka shigo gari ta farka, ta ce, "Ta samu. Tudun ɗaya ne, za ta sauko ta ɗauka." Na ce to.

Ciwon ƙafar bai warke ba. Ashe tana da ciwon suga. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, muka kai ta asibiti ni da maigidana, aka kwantar da ita. A nan ne ɗanta ya zo. Mutum ne mai sanyin magana, da tabarau, ya girme ni kaɗan. Na yi zaton zai yi faɗa, bai yi ba. Ya same ni a barandar benenmu ya yi godiya har da sunkuyawa, ya ce bai san za ta yi wannan tafiyar ba, da ya hana.

Na ce masa ba mu samu kabarin ba. Na buɗe waya ina nuna masa hotunan da na ɗauka, ko zai gane wani dutse a ciki. Yana wucewa da yatsa har ya zo kan hoton babbar ƙofar, sai ya tsaya. Ya buɗa hoton ya karanta rubutun da ke samanta. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Wannan maƙabartar 'yan Hokkien ce," ya ce. "Su ma 'yan Sin ne, amma ƙabilarmu daban, mu Hakka ne. Tamu tana ɗaya gefen garin, bayan layin dogo. Kawuna ya taɓa kai ni ina yaro."

Na jingina da bango. Na ce, "Amma ta ce ta gane ƙofar."

"Duk irin ƙofar ɗaya ce."

Na ce to in ta warke zan sake kai ta, yanzu da muka san wurin, ko shi ya zo mu tafi tare. Ya ce kwanakin sharar sun kusa fita, likita kuma ya ce ba ta ƙara hawa tudu. Sannan ya ce yana roƙona alfarma ɗaya, kada in faɗa mata. Tun da ya zo take ba shi labarin yadda ta kai wa kakarsa riga. Ya ce shi zai je da kansa baɗi, ya nemo kabarin, ya gyara.

Da daddare na faɗa wa maigidana. Ya ce, "Uwarsa ce, shi ya san abin da za ta iya ɗauka." Ni ma ban san wanne ya fi ba.

An sallamo ta bayan Sallah, tana tafiya da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Takan zauna a kujera a bakin ƙofarta da yamma, duk maƙwabcin da ya wuce ta nuna ni ta ce wannan yarinyar ce ta kai ta garinsu, da azumi a bakinta. In ta faɗa sai in yi murmushi in shige ɗaki. Wata rana ta kama gefen hijabina ta ce, "Kin riƙe hanyar ko? Baɗi ba sai mun tambayi kowa ba."

"Na riƙe, Anti."

Kafin ƙarshen shekarar ɗanta ya zo ya tafi da ita Singapore, don ba ta iya zama ita kaɗai. Aka cire jan akwatin daga bango, wasu ɗalibai 'yan Indonesiya suka kama ɗakin. Da lokacin sharar ya sake zagayowa na ga ana sayar da rigunan takarda a shagunan unguwar Setapak, sai na tura wa ɗan nata saƙo, na gaishe da Anti, na tambaye shi ko ya samu zuwa. Ya amsa bayan kwana biyu. Ya ce tana nan lafiya, tana gaishe ni, aiki ne ya yi masa yawa bana, amma yana sa ran baɗi. A watan da ya biyo na kare kundina muka fara haɗa kayan komawa Kano, ban kuma sake tambayarsa ba.